Akwatin Fayafayan da Aka Ba Mahaifina Ajiya

An haife ni a Zariya a shekarar 1958, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe da ke dab da tashar jirgin ƙasa, inda mahaifina yake aikin akawu a ofishin kaya. Yau na yi ritaya daga aikin koyarwa, furfura ta cika mini kai, kuma a cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannuna daga wancan gida babu wanda nake yawan buɗewa kamar wani akwatin ƙarfe shuɗi, wanda ba namu ba ne, bai kuma taɓa zama namu ba. A cikinsa akwai fayafayan garmaho 31, kuma 26 daga cikinsu muryar mutum guda ce, wato Nat King Cole, mawaƙin Amurka da ya rasu a 1965, tun kafin akwatin ya shigo gidanmu. Shekara 25 muryar mutumin nan tana shiga kunnena ban saurare ta ba, sai da jinya ta zaunar da ni a gefen gadon mahaifina sannan na gane abin da yake ji a cikinta.

Mai akwatin abokin aikin Baba ne, mutumin Gabas, wanda ya girme shi a shekaru da muƙami, mu yara muna kiransa Babban Akawu. Ya daɗe a Arewa har Hausarsa ta nuna, kuma bakinsa ba ya rabuwa da goro. Ƙofar gidansa tana kallon tamu, duk daren Asabar kuwa Baba yakan tsallaka bayan sallar isha'i, su zauna su biyu a baranda kiɗa yana tashi a hankali, ba tare da ɗayansu ya cika yin magana ba. A ƙarshen watan Satumba na 1966, da tarzoma ta sake ɓarkewa a garuruwan Arewa, mutanen Gabas suka yi ta tururuwa zuwa tasha, Baba ya ɓoye shi da iyalinsa kwana biyu a ɗakin Inna kafin su sami wuri a jirgi. Ba wanda ya iya tafiya da abin da ya wuce ƙunshin da zai ɗora a ka. Babban rediyonsa mai haɗe da na'urar faifai ya bar shi a ɗaki, bai kuwa kwana biyu ba aka yi awon gaba da shi. Amma tsohon garmahonsa da akwatin nan ya tsallako da su da kansa cikin dare, ya ajiye a gaban Baba ya ce, “Malam, ga ajiya. Idan ƙura ta lafa zan zo ko in aiko. Amma ka riƙa sa su, domin faifan da ba a sawa ƙura ce take cinye shi.”

Baba ya ɗauki wannan magana a matsayin sharaɗin amana. Daga wannan lokaci duk daren Asabar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe murfin garmaho, ya wana shi da hannu kamar agogon bango, ya zaro allurar ƙarfe daga ɗan gwangwaninta ya ɗaura. Sabuwar allura yake sa wa kowane gefe, domin idan bakinta ya dakushe sai ta riƙa cin ramin faifan. Irin fayafayan da wannan garmaho yake iya ɗauka tsofaffin nan ne masu nauyi da gautsi kamar tangaran, masu juyawa sau 78 a minti, waƙa ɗaya a kowane gefe, wadda ba ta cika wuce minti uku ba. Guda 19 ne irinsu na Nat King Cole, cikin rigunan takarda marasa hoto. Sauran bakwai ɗin manya ne na roba masu juyawa sau 33 da sulusi, waɗanda allurar ƙarfe za ta lalata, saboda haka Baba ya naɗe su da tsohon zanen Inna ya kwantar a ƙasan akwati tare da ragowar biyar na E.T. Mensah na Gana da Jim Reeves. Ba ya sa faifai a watan azumi, ba ya sawa idan an yi rasuwa a unguwa. Duk da haka, ranar da yayansa, Baffanmu, wanda malami ne mai almajirai a cikin birni, ya riske shi a kan tabarmar nan, sai da ya ce masa, “Yanzu kai da girmanka ka zauna kana sauraron Nasara yana kuka?” Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ajiya ce, mai ita kuwa ya ce a riƙa motsa ta.” Baffa bai gamsu ba, amma bai sake tayar da zancen ba.

A 1968 na yi ɓarnar da har yau nake jin nauyinta. Baba ya tafi aiki, na buɗe akwatin don in gwada wa abokaina yadda ake sa faifai, sai wanda aka rubuta “Too Young” a kansa ya zame daga hannuna ya faɗi a kan siminti ya rabu uku. Na yi zaton zan sha dukan da ban taɓa sha ba. Da ya dawo sai ya tattara gutsattsarin, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauko ɗan littafin da yake rubuta lissafin gida ya yi rubutu a ciki, bai ce mini komai ba. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, bare ya tsaya doguwar magana da ni, kuma wannan shirun ya fi mini bulala ciwo.

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka mai waƙar Bature ne, haka ma Inna da duk 'yan gidanmu. A 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, maƙwabta suka yi ta sayen babura da firji, shi kuwa Baba ya je Kaduna ya sayo rediyo mai na'urar faifai ta lantarki, musamman saboda fayafayan nan bakwai da suka shekara tara a naɗe. Da aka warware zanen, hoton da ya fara bayyana na wani mutum ne baƙi wuluk, mai faɗin baki da kwantaccen gashi, yana murmushi. Inna ta tafa hannu ta ce, “Malam, ashe namu ne!” Baba ya yi dariya, domin shi ya sani tun tuni, ba dai wanda ya taɓa tambayarsa. A daren ya ba mu abin da ya ji daga bakin Babban Akawu, daga baya kuma na ƙara da karatuna: sunansa na yanka Nathaniel Adams Coles, an haife shi a 1919 a Montgomery ta jihar Alabama, ya girma a Shikago inda mahaifinsa yake limancin coci, mahaifiyarsa kuma ita ta fara ɗora hannunsa a kan kayan kiɗa. Da fiyano ya fara suna, ba da murya ba. A 1937 ya kafa ƙungiyar mutum uku a Los Angeles, fiyano da jita da babban gogen nan mai tsayin mutum da ake tsinka da yatsa, babu ganga ko ɗaya, kuma waƙar da ta fara ɗaga shi a kamfanin Capitol a 1943 daga wata tatsuniyar ungulu da biri ya samo ta, wadda mahaifinsa yake kawowa a cikin wa'azi.

Sanin cewa baƙi ne bai sa na so shi ba, sai ma ya ƙara mini raini. Ina ɗan shekara 17, kunnena yana wajen James Brown da waƙoƙin finafinan Indiya, idan kuma na gida ne to Shata. A ganina wannan baƙin mutum ne da ya lanƙwasa harshensa don ya faranta wa Turawa, kuma waƙarsa ba ta da amfani sai ga mai neman barci. Na taɓa faɗin haka a gaban Baba, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, kunnenka bai nuna ba tukuna.” Sai bayan shekaru da yawa na karanta cewa wasu baƙaƙen Amurka ma sun yi masa irin wannan zargi, musamman bayan abin da ya faru a watan Afrilu na 1956 a Birmingham, a jihar da aka haife shi, inda wasu fararen fata suka hau dandamali yana tsakar waƙa suka kayar da shi ƙasa, shi kuwa bai mayar da martani da zafin da ake so ya yi ba. Amma mutumin nan dai shi ne ya sayi gida a unguwar Hancock Park ta Los Angeles a 1948, unguwar da babu baƙi a cikinta, aka yi masa barazana iri-iri ya ƙi tashi. Shi ne kuma ya riƙe shirinsa na kansa a gidan talabijin na NBC daga Nuwamba 1956 zuwa Disamba 1957, har ya rufe shi saboda babu babban kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyin shirin baƙin mutum a faɗin ƙasar. Ni da na zauna a inuwar darbejiya a Zariya ina yanke masa hukunci ban taɓa fuskantar ko kwatankwacin wannan ba.

A 1991 Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya riga ya yi ritaya, ya koma ɗan gidan da ya gina a Tudun Wada, ni kuma ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare. Bakinsa ya karkace, magana ta yi masa nauyi, barci kuma ya ƙaurace masa. Muka raba kwana ni da ƙannena, nawa ya faɗo daren Alhamis da na Asabar. A Asabar ta farko na ga yana ta nuna ƙarƙashin gado da hannunsa mai lafiya, na kawo masa ruwa, na kawo buta, na kawo carbi, duk yana girgiza kai, sai da na jawo akwatin sannan ya lumshe ido. Na'urar ta daɗe da lalacewa, na kai ta wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, ya tayar da ita, ya kuma juye mini fayafayan duka a kaset, domin in riƙa sawa a ƙaramar rikoda ba tare da na tashi ina juya faifai ba. A wannan ɗaki, fitila a kashe, ba inda zan je, ba wanda zan yi wa magana, na fara sauraro don dole.

Abin da ya fara kama ni shi ne lafazinsa, wataƙila saboda aikina. Na shekara goma ina fama da ɗalibai a kan haruffan ƙarshen kalma da suke haɗiyewa, sai ga mutum yana fitar da kowane harafi a sarari, yana ajiye shi a hankali kamar mai jera ƙwai a faranti, kuma babu alamar yana wahala. Bayan lafazi sai na lura da numfashinsa. Ana jin inda yake shaƙa, kuma ba ya shaƙa a tsakiyar ma'ana, sai inda mai magana zai tsaya. Sannan na lura ba ya tafiya daidai da bugun kiɗa, yakan ɗan jinkirta a bar shi a baya kaɗan, har ka ji kamar zai makara, sai kuma ya iso daidai a ƙarshen layi. Wannan dabarar makaɗin fiyano ce, domin wanda ya san inda kowane bugu yake shi ne yake iya wasa da shi ba tare da ya ɓata ba. Muryar kanta tana da ɗan kaushi a ƙasanta, kamar an shafa mai a kan yashi, kuma ba ya ɗaga ta ko a inda waƙar ta kai ƙololuwa.

A nan ne na gane kuskurena na farko, wato auna shi da ma'aunin makaɗanmu. Makaɗin Hausa a fili yake waƙa, a ƙofar fada ko a dandali ko a gidan biki, dole muryarsa ta hau kan kalangu ko taushi ko kotso, ta kuma ratsa 'yan amshi ta isa ga na can baya. Mawaƙan Amurka ma haka suke kafin 1925, lokacin da ake ɗaukar murya ta hanyar ƙwala waƙa a cikin wani babban ƙaho. Da aka fara ɗauka da makirufo na lantarki a wannan shekara, sai aka sami sabon salon waƙa, inda mawaƙi yake matsowa dab da makirufo ya rera ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa mutum ɗaya raɗa, kuma Bing Crosby yana cikin waɗanda suka fi shahara da wannan salo. Ashe waƙar ba ta taro ba ce, ta ɗaki ce. Shekarun da na yi ina jin ta a tsakar gida, ga kukan awaki, ga ƙarar jirgi yana sauya layi, ga shashshakar allurar ƙarfe, rabinta kawai nake ji. Idan akwai makaɗinmu da ya kusanci wannan hali to Ɗan Maraya Jos ne, shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana magana da kai kai tsaye.

Kuskurena na biyu ya shafi waƙoƙin kansu. Da na fara karanta ƙananan rubuce-rubucen da ke kan fayafayan sai na ga kusan duk ba shi ya tsara su ba, abin ya ba ni kunya a madadinsa, domin a wurinmu makaɗin da yake cin abinci da waƙar wani ɗan kwaikwayo ne kawai. Na faɗa wa Baba haka a wani dare, ya yi ta ƙoƙarin haɗa kalma har ya fitar da guda ɗaya: “Infiraji.” Na daɗe kafin in gane nufinsa. Waƙar Malam Aliyu Namangi ce, mutumin garinmu, amma makafi nawa muka ji suna rera ta a ƙofar gidaje, kowa da muryarsa da inda yake jan baiti, kuma har Inna tana da wanda take ba sadaka fiye da saura saboda yadda yake rerawa? To haka waɗannan waƙoƙi suke. Daga wajen 1920 zuwa wajen 1955 akwai mutanen da sana'arsu ke nan a Niyok da Hollywood, irin su Irving Berlin da George Gershwin da Cole Porter, wasu su tsara kari, wasu su ɗora kalmomi, yawanci don wasan dandamali ko fim. Wasan ya wuce a manta da shi, waƙar ta zama gadon kowa. Da yawansu gini ɗaya ne da su: gaɓa 32 a kashi huɗu, a kawo kari, a maimaita shi, a karkata zuwa wani dabam, a dawo gida. Tunda kowa ya san waƙar, ba a tambayar mawaƙi me ya zo da shi sabo, abin da ake saurare shi ne yadda zai bi da ita.

Wadda ta fi zama mini hujja ita ce “Stardust”. Hoagy Carmichael ya tsara karinta a 1927, Mitchell Parish ya ɗora mata kalmomi a 1929, kuma Louis Armstrong da Bing Crosby duk sun ɗauke ta a 1931. Daga baya na nemi nasu na saurara. Armstrong ya wargaza ta ya sake gina ta yadda yake so, abin sha'awa ne, amma shi kake ji, ba waƙar ba. Frank Sinatra kuwa a 1961 shimfiɗarta kawai ya rera ya tsaya, bai shiga uwar waƙar ba sam. Ta Nat King Cole tana cikin faifan “Love Is the Thing” na 1957, wanda Gordon Jenkins ya tsara wa kiɗa, kuma shi ne faifan da ya fi kowanne gogewa a cikin akwatin, alamar Babban Akawu ma shi ya fi sawa. Karin waƙar yana da wuya, yana hawa yana sauka kamar hanyar dutse, amma shi sai ya bi ta kamar mai tafiya masallaci da asuba, ba gaggawa, ba tuntuɓe. Yakan fara da shimfiɗar nan da mawaƙa da yawa suke tsallakewa, gogunan Turawa suna shawagi a bayansa, kuma a daidai inda shimfiɗa take miƙa wa uwar waƙa akwai ɗan shiru da bai kai daƙiƙa biyu ba. Duk lokacin da aka zo wurin sai in ji Baba ya riƙe numfashi, in an wuce ya sake shi. Mutumin da ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa sai ga shi yana bin karin da hanci daga farko har ƙarshe, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Ba duk abin da ya rera nake yabo ba. Gordon Jenkins wani lokaci yakan zuba goge har ya yi yawa, kamar kunun da aka cika wa zuma. Na fi son aikin Nelson Riddle, wanda ya tsara kiɗan “Mona Lisa” a 1950 da “Unforgettable” a 1951, domin shi yana barin fili a kewayen murya ta sha iska. Waƙoƙin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa don kasuwa, irin su “Ramblin' Rose” ta 1962 mai tarin 'yan amshi, har yau ba su shiga raina ba, ko da yake Inna su ta fi so. Faifansa na Sifaniyanci na 1958 kuwa, wanda ya haddace kalmominsa da ka ba tare da yana jin harshen ba, yakan tuna mini Hausar tsofaffin Turawan mulki, kuma duk da haka mutanen Kudancin Amurka sun karɓe shi hannu bibbiyu. Idan aka ce in zaɓi ɗaya in bar saura, “After Midnight” zan ɗauka, wanda aka ɗauka a 1956, inda ya ajiye manyan makaɗa ya koma kan fiyanonsa da 'yan mutane kaɗan, yana gayyato baƙo ɗaya a kowace waƙa, wani da kakaki, wani da goge. A nan ne ake jin yatsunsa suna amsa wa bakinsa, kamar mutum biyu da suka daɗe da sanin juna. Masu cewa Sinatra ya fi shi suna da hujjarsu, domin Sinatra yana buɗe maka ciwonsa ka gani. Shi wannan kuwa rufe nasa yake yi ya zo yana lallashin naka, kuma a ɗakin jinya na biyun ake bukata.

A cikin wannan shekara ta 1991 wani abu ya faru da ya girgiza Baba. Ina murɗa rediyo da dare sai ga “Unforgettable” ta fito, muryar da muka sani, amma da ya kai ƙarshen layi sai wata mace ta amsa masa. Baba ya zaro ido, yana duban rikoda yana duban rediyo. 'Yarsa ce, Natalie, wadda take 'yar shekara 15 lokacin da ya rasu. An ɗauko muryar uban daga ɗaukar da ya sake yi wa waƙar a 1961, aka ware ta, aka ɗora tata a gefe, har aikin ya ci manyan lambobin Grammy a shekarar da ta biyo baya. Da na yi masa bayani ya daɗe shiru, sannan hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskarsa mai motsi. Ban tambaye shi ko mawaƙin yake tunawa ko mai akwatin ba. Shi Nat King Cole shekara 45 kacal ya yi a duniya. Mashayin sigari ne ƙwarai, ciwon dajin huhu ya kama shi, ya shiga ɗakin ɗaukar murya karo na ƙarshe a farkon Disamba 1964, ya rasu ranar 15 ga Fabrairu 1965 a Santa Monica. Na saurari wannan faifai na ƙarshe ina neman alamar ciwo a muryarsa, ban same ta ba.

Allah ya yi wa Baba rasuwa a damunar 1993. Ranar rabon gado, da aka fito da kayan ɗakinsa, malamin da ya zo rabo ya nuna akwatin ya tambaya, Inna ta ce daga bayan labule, “Wannan ba na Malam ba ne, ajiya ce.” Aka ture shi gefe, bai shiga lissafi ba, aka kuma ɗora mini riƙonsa a matsayina na babba. A cikin takardun Baba na tarar da kwafin wasiƙu biyu da ya aika garin su Babban Akawu bayan an gama yaƙin basasa a Janairu 1970, waɗanda ba a taɓa amsawa ba. A 1996 aikin duba jarrabawa ya kai ni Inugu, na yi kwana biyu ina bin tsofaffin ma'aikatan reluwe masu karɓar fansho, na sami dattijo ɗaya da ya tuna sunan, ya tuna ma cewa mutumin yana cin goro, amma iyakar abin da ya iya ba ni ke nan.

A cikin takardun kuma na ga ɗan littafin lissafin nan. A shafin watan Maris na 1968, tsakanin kuɗin kananzir da na makarantar allo, Baba ya rubuta da hannunsa: “Faifai ɗaya na ajiya ya fashe a hannun yarona. Bashi ne a kaina.” Na shekara 16 ina neman irinsa. Kaset da faifan zamani duk ana samu, yanzu ma jikokina suna kamo mini waƙar a waya cikin ƙiftawar ido, amma ba su aka ba mu ajiya ba. Sai a 2009 wani tsohon ɗalibina da ya je karatu Ingila ya ci karo da shi a kasuwar tsofaffin kaya, mai juyawa sau 78, ya naɗe shi cikin rigunan sanyi ya kawo mini har gida. Na fito da tsohon garmahon, na wana shi, na ɗaura ɗaya daga cikin allurai huɗu da suka rage a gwangwani, na sa shi sau ɗaya. Yana da ƙarzuwa a tsakiya, inda allura take tsalle ta haɗiye kalma biyu. Na goge shi da tsumma mai laushi, na sa shi a gurbin wancan, na ƙirga suka cika 31, sannan na buɗe littafin Baba na rubuta a ƙarƙashin layinsa: “An mayar, Agusta 2009.”